Histo ko ɓangaren jini: wanne ya kamata sabon ma'aikacin lab ya kama?

'Yar ƙanwata ta kira ni bayan sallar isha'i, murya ɗauke da murna da damuwa a haɗe. Ta gama karatun shekara uku na MLT, wato horon zama ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, a makarantar koyon aikin lafiya, ta yi rajista da hukumar MLSCN mai kula da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje a Najeriya, an kuma ɗauke ta aiki a wani babban asibiti. Sai shugaban sashen ya ce gurbi biyu ne a buɗe, ta zaɓa: ɗakin histoloji, wanda muke ce wa histo, inda ake binciken naman da aka ciro daga jikin mutum, ko ɓangaren jini, inda ake gwada jini da adana shi da bayar da shi ga marasa lafiya. Ta ce, "Kawu, ƙawayena duk sun ce kada in kuskura in shiga histo, wai daga gawa sai warin fomalin, kuma babu kuɗi. Kai da ka zauna a duka biyun, me ka gani?" Na ce mata maganar ta fi ƙarfin waya. Abin da na faɗa mata da muka zauna shi nake rubutawa a nan, don na san ba ita kaɗai ke wannan tambayar ba.

Zancen gawa shi zan fara kawarwa. Gaskiya ne a asibitoci da yawa sashen da ke riƙe da histo shi ke riƙe da ɗakin ajiye gawa, daga nan sunan ya samo asali. Amma kusan duk abin da zai zo teburinka daga jikin rayayyen mutum ya fito: ƙullutun da aka cire daga nonon wata baiwar Allah, ƙarin mahaifa, maƙoƙo, afendis, ɗan gutsuren furostet na wani dattijo, ɗan abin da aka tsakuro daga ciki wanda bai kai ƙwayar gero ba. Mai naman yana gida ko yana kwance a gado, shi da iyalinsa suna jiran amsar tambaya ɗaya: sankara ce ko ba ita ba ce?

Ga yadda aikin yake tafiya. Naman yakan zo daga tiyata cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, kuma ƙa'ida ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau goma. Fomalin shi ke tsayar da nama a yadda yake, ya hana shi ruɓewa, sai dai a hankali yake ratsawa, don haka babban ƙari sai an tsattsaga shi. Likitan fatoloji, mai gano cuta ta hanyar duba nama, shi ne zai duba da ido, ya auna, ya yanko 'yan yanka masu kaurin milimita 3 zuwa 4, kai kana rubuta lamba kana sakawa cikin 'yan akwatunan roba da muke kira kaset. Daga nan aiki ya dawo hannunka kacokan. Za a zuƙe ruwan naman da alkohol hawa-hawa, daga kashi 70 har zuwa tsantsa, a kori alkohol ɗin da wani sinadari mai suna zailin, sannan a jiƙa shi da narkakken kakin farafin mai narkewa a wajen digiri 56 zuwa 58. Inda akwai na'ura, takan kwana tana wannan. Da safe ka dasa kowane gutsure cikin kaki ya daskare ya zama bulok, kuma dasawar nan ba a yinta da ka, domin fata ko bangon hanji in ka kwantar da su ta gefen da bai dace ba, likita ba zai ga zurfin da cutar ta kai ba.

Sai yanka, wanda shi ne zuciyar sana'ar. Ka ɗora bulok a kan na'urar maikurotom ka riƙa juya hannu, tana fitar da yanka mai kaurin maikuromita 3 zuwa 5. Maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ka ga silin gashin kai guda ya ninka wannan yankan fiye da sau goma. Yankan na fitowa manne da juna kamar zirin kyalle, ka ɗauke shi da tsinke ko burushi ka shimfiɗa a kan ruwan ɗumi na wajen digiri 45 ya miƙe, ka tare shi da gilashi. Daga nan sai rini: hematoksilin, wanda daga itacen wata bishiya ta Amurka ta Tsakiya ake samo shi, ya rina cibiyar ƙwayoyin halitta shuɗi mai duhu, iyosin ya rina sauran ruwan hoda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda marini ke tsoma zane ya ɗago ya duba ya sake tsomawa, ya fahimci rabin aikin nan. Littafi zai ba ka mintoci, amma idonka ne zai gaya maka yau rinin ya tsufa, a ƙara masa lokaci.

Yanayin ƙasarmu ma yana da ta cewa. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, kakin yakan yi laushi ya ƙi yankuwa sai ka yi ta ɗora bulok a kan ƙanƙara. Da hunturu kuwa iska ta bushe, yankan ya riƙa nannaɗewa yana manne wa wuƙa, ga ƙura na sauka a kan gilashi. In wuta ta ɗauke da tsakar dare nama ya daɗe cikin zailin, da safe za ka tarar ya yi tauri yana rugurgujewa a bakin wuƙa. Akwai ranakun da muka yi aikin na'urar nan da hannu, kwalba bayan kwalba, ido na kan agogo.

Ɓangaren jini wata duniya ce daban. Tun bakwai da rabi layi ya kafu: masu awon ciki, yara masu zazzaɓi, masu sikila da suka zo duba lafiya, masu shirin aure. Ka ɗebi jini, ka juya PCV, wato awon yawan jini, ka saka samfuri a na'ura ta ƙirga ƙwayoyin jini, ka shafa jini a gilashi ka rina da Leishman ko Giemsa ka nemi ƙwayar maleriya, ka tantance rukunin jini da jinotayif. A ma'ajiyar jini kuma ka tantance jinin mai bayarwa daga HIV da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, ka ajiye leda a firij tsakanin digiri 2 zuwa 6, inda takan yi har kwana 35, ka gwada dacewarta da jinin mai karɓa kafin ta fita. Sakamakon da ka fitar da safe kafin azahar an yi aiki da shi. A histo kuwa, ko komai ya tafi daidai, kwanaki ne kafin gilashi ya kai gaban likita, ƙashi ma sai an fara narkar da sinadarin da ke taurara shi, wanda kan ƙara kwanaki.

Wannan bambancin sauri shi ke haifar da kusan duk sauran. A ɓangaren jini kana ganin mutane, suna ganinka. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ƙarfe biyun dare, mijinta na tsaye a tagarka yana roƙo, ka yi gwajin dacewa cikin hanzari, da asuba ka ji ta farfaɗo. Da damina, daga Agusta zuwa Oktoba, yara na zuwa fari fat saboda maleriya ta cinye musu jini, leda ɗaya ta tashe su. Akwai daɗi a wannan da ba ya faɗuwa. Akwai kuma nauyinsa: aikin dare, aikin ranar sallah, 'yan uwan mara lafiya da ke matsa maka ka saki jinin da ba ka gama tantancewa ba, da masu sayar da jininsu da ke rakuɓe a bakin asibiti. Sai mai taurin zuciya wajen cewa a'a, cikin ladabi, ga mutumin da ke kuka. A histo ba ka cika haɗuwa da mara lafiya ba. Lamba kake sani, da shekaru, da inda aka ciro naman. Galibi aikin safe ne zuwa yamma, ɗaki shiru. Wani wannan shirun hutu ne gare shi, wani kuma kurkuku.

Yanzu batun kuskure, wanda a ganina ya kamata ya fi komai nauyi a zaɓin nan. A ɓangaren jini kuskure na iya kashewa nan take. Ba wa mai rukunin O jinin rukunin A na iya kai shi lahira cikin sa'o'i, kuma mafi yawan irin wannan ba daga rashin iya gwaji yake zuwa ba, daga musayar kwalba ne ko rubuta suna a inda bai dace ba. Kuskuren jinotayif kuma a hankali yake cizo: ka rubuta wa mai AS cewa AA ne, a ɗaura aure, sai bayan shekara biyu a haifi mai sikila. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, kuma tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, takardar da ke fita daga hannunka ta zama abin da waliyyai ke dogaro da shi. Amma jini yana da rangwame ɗaya: in ka yi shakka, ka sake ɗiba. Mai jinin yana nan, jijiyarsa tana nan.

Histo ba ta da wannan rangwamen. Gutsuren da aka tsakuro daga cikin mutum shi ke nan. In ka aske bulok da yawa wajen daidaita fuskarsa, ɗan wurin da cutar take ya tafi cikin tarkacen kaki, ba ya dawowa. In ɗan ɓarɓashin naman wani ya rage a ruwan ɗumi ya hau gilashin wani, za a iya rubuta wa lafiyayye sankara. In ka musanya lamba biyu, wata za a cire mata nono ba gaira ba dalili, wata a sallame ta da cutarta. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ba sa buɗe kwalba biyu a lokaci guda, kuma suna share saman ruwan bayan kowane bulok ko da aiki ya taru. Na taɓa karɓar wani babban ƙari da ɗan mara lafiya ya ɗauko a motar haya daga wani ƙaramin asibiti, tafiyar kusan yini, cikin bokitin roba da ɗan ruwan gishiri maimakon fomalin. Cikinsa ya riga ya narke. Sun sayar da dabba sun yi aikin, sun biya kuɗin mota da na gwaji, amma abin da likita ya iya rubutawa kawai shi ne naman ya lalace. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Tun daga lokacin duk ɗalibin da ya zo hannuna, ko ba zai zauna a histo ba, sai na koya masa haɗa fomalin: kashi ɗaya na mai ƙarfin a kashi tara na ruwa, a kwalba mai faɗin baki, a saka nama da zarar an cire shi. Ga sankarar mama ma abin ya fi tsanani, domin gwajin ER da PR da HER2, wanda shi ke nuna irin maganin da zai karɓi mace, yana buƙatar naman ya shiga fomalin cikin awa ɗaya, ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72.

Ta fuskar lafiyar jikinka kowanne da nasa haɗarin. A ɓangaren jini tsoron shi ne sukar allura da fantsamar jini, don haka kada ka fara aiki ba ka kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku ba. A histo naman da ya jiƙu da fomalin yawancin ƙwayoyin cutarsa sun mutu, amma sinadaran su ne matsalar. Fomalin na sa hawaye da tari da ƙaiƙayin fata, kuma a 2004 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Faransa ta saka shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Zailin na sa ciwon kai da jiri. Wuƙar maikurotom kuwa ta fi aska kaifi, ba ka jin shigarta sai ka ga jini. Duk wannan ana iya kiyaye shi in akwai na'urar zuƙe tururi mai aiki da tagogi da safar hannu. Inda babu, mai asma ya yi nesa da ɗakin. Na kuma gaya wa 'yar ƙanwata ba tare da kunya ba cewa ranar da Allah ya ba ta ciki, ta sanar da shugabanta da wuri a janye ta daga teburin fomalin da zailin.

Kuɗi: albashi ɗaya ne. A asibitocin tarayya tsarin CONHESS ne ke biyan kowa bisa matakinsa, ba bisa teburin da yake zaune ba, jihohi kuma da nasu tsarin. Bambancin yana wajen alawus na aikin dare da kuma abin da kake samu bayan an tashi. A nan ƙawayenta sun yi gaskiya. Kowace unguwa akwai lab mai zaman kansa da ke neman wanda ya iya ɗibar jini da PCV da maleriya da jinotayif don aikin yamma. Babu mai neman mai yanka bulok a irin waɗannan wurare.

Haka ma wurin aiki. Babban asibitin kowace ƙaramar hukuma na buƙatar mai aikin jini. Histo kuwa sai inda akwai likitan fatoloji da kayan aiki masu tsada, wato manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, na Bauchi, da asibitocin koyarwa na tarayya a Gombe da Katsina, sai wasu asibitocin ƙwararru na jihohi. In aure ko hidimar iyaye za su mayar da kai garin da babu ko ɗaya cikin irin waɗannan, ƙwarewarka za ta zauna ba abin yi, hannun kuma in ya daɗe bai yanka ba sai ya manta. Wannan babban dalili ne, kada kowa ya raina shi.

Sai dai ƙarancin yana da ɗaya fuskar. Masu aikin jini sun yi yawa, makarantun Kano da Makarfi da Jahun da Kankiya da Ningi da Tsafe na yaye ɗalibai duk shekara, kuma na'urorin zamani sun karɓe kaso mai yawa na aikin, ka saka kwalba ta fitar da takarda. Wanda ya iya fitar da yanka mai kyau ba tare da tsaga ko ninki ba kuwa, ana ƙirga su da yatsu a gari guda, kuma har yau hannu ne ke wannan aikin. Likitoci sun san gilashin wane da na wane tun kafin su duba lamba. Sassan koyar da ilimin sassan jiki a jami'o'i na neman irinsu, haka makarantun likitan dabbobi da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, haka ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke kawo hanta da ƙodar ɓeraye a yanka musu don bincikensu. Buƙatar ma ƙaruwa take yi. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba a matan Najeriya, ta furostet a maza, kuma ba a fara maganin sankara yadda ya kamata sai da sakamakon histo. A yankunanmu na fadama da madatsun ruwa, inda tsargiya ta yi katutu, za ka ga ƙwan tsutsar a bangon mafitsara, wani lokaci tare da sankarar da ta jawo. Za ka koyi rini na musamman, Ziehl-Neelsen don tarin fuka da ya ɓuya a kaluluwa, PAS da Grocott don cututtukan fangas, Perls don sinadarin ƙarfe, ga ɓangaren gwajin Pap na bakin mahaifa. Mai son ilimi ba zai gaji ba.

Akwai abin da ba a cika gaya wa sababbi ba. A histo, komai ƙwarewarka, likitan fatoloji ne ke karanta gilashi ya sa hannu a kan sakamako. Sunanka ba ya kan takarda. Ga kuma tsohuwar taƙaddama tsakanin likitocin fatoloji da masana kimiyyar lab a kan wa ke da ikon shugabantar ɗakin gwaji, wadda har kotu ta sha kaiwa, kuma a histo aka fi jin zafinta saboda kullum kuna tare. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya bar wa manya rigimarsu, ya nemi likitan ya nuna masa abin da ya gani a gilashin da ya yanka. Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa ake damunka a kan kaurin yanka.

Ko wanne ka zaɓa, takardar MLT tana da rufi. Ba za ka buɗe lab da sunanka ba, matakin aikin gwamnati ma yana da inda yake tsayawa. Hanyar wucewa ita ce digirin kimiyyar lab, wato BMLS, na shekara biyar da shekara ɗaya ta horon aiki, ana yinsa a jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo da Bayero da Ahmadu Bello da Maiduguri da Jos, kuma a ƙarshensa mutum ke zaɓar fannin da zai ƙware. A nan histo na da wata fa'ida da ba a lura da ita: darenka naka ne. Mai aikin ma'ajiyar jini da ya kwana a tsaye ba ya iya buɗe littafi washegari.

To da ta matsa mini in faɗi ra'ayina, na faɗa. In kana da ƙanne a wuyanka, kana buƙatar abin da zai shigo bayan albashi tun bana, ko ka san ba za ka daɗe a babban birni ba, kama ɓangaren jini, babu abin kunya a ciki, aikin ceton rai ne. Haka in kai mai son jama'a ne, zama wuri ɗaya na ƙona maka rai. Amma in kana da haƙurin mai ɗinkin hular zanna, kana iya maimaita abu ɗaya sau hamsin ba tare da hankalinka ya tafi wani wuri ba, kuma zamanka ya kafu kusa da babban asibiti, ni histo zan tura ka. Ita na san ta tun tana ƙarama, ita ke zare wa kakarta ƙaya da allura ba a ji zafi ba, kuma gidan da za ta shiga a cikin birnin yake. Na ce mata ta ɗauki histo, da sharaɗin ta riƙa karɓar aikin ɓangaren jini lokaci-lokaci don kada hannunta ya manta jijiya.

Na ƙara mata da cewa kafin ta ba da amsa, ta roƙi shugaban sashen ya bar ta ta yi mako ɗaya a kowanne, domin gani ya kori ji. A ma'ajiyar jini ta kwana ɗaya tare da mai aikin dare, ta duba ko firij na da wutar da ba ta yankewa da takardar rubuta sanyinsa. A histo ta tsaya ranar da ake yanka manyan nama ta ji yadda idonta da ƙirjinta za su yi, ta kunna na'urar zuƙe tururi da hannunta ta ji ko tana ja, ta tambaya yaushe rabon da kaki ko zailin su yanke, sannan ta nemi sanin ko akwai tsohon hannu da zai zauna kusa da ita a kan maikurotom wata uku na farko. Ranar Litinin mai zuwa za ta fara makon farko, a ɓangaren jini.